Yadda Ake Tayar da Sabon Kamfani ko Aikin Gefe a Intanet, Daga Tunani Zuwa Cinikin Farko

Kayan aikin tayar da ɗan kamfani a intanet sun yi yawa, kuma galibinsu kyauta ake fara amfani da su. Abin da ke kayar da mai farawa shi ne ɗaukar kayan mataki na biyar alhali bai gama na ɗaya ba. Zai sayi sunan shafi, ya biya mai zana tambari, ya kwashe watanni yana rubuta manhaja, sai ranar buɗewa ya tarar babu mai nema. Shi ya sa na jera kayan nan bisa lokacin da ake bukatarsu. Kada ka buɗe asusu a wani dandali sai matakinsa ya zo.

Abin da za ka tanada kafin ka fara

- Kwamfuta, ko da tsohuwa ce. Idan babu, waya mai kyau za ta kai ka har mataki na huɗu.
- Sabon adireshin imel na aikin kaɗai. Da shi za ka buɗe duk sauran asusun, kada ka haɗa da naka na kullum.
- Manhajar adana kalmomin sirri kamar Bitwarden, da ta tabbatar da shiga kamar Google Authenticator. Kafin wata uku za ka tara asusu sama da goma, kuma kalmar sirri ɗaya a dukkansu ƙofa ce a buɗe.
- Google Sheets don lissafi da jerin mutane, Google Docs ko Notion don rubutu. Ɗaya ya isa.
- Katin banki da ke biya a intanet.
- Lokaci tsayayye, awa 8 zuwa 10 a mako, da ranaku sanannu. Aikin gefen da aka bar wa "idan na samu sarari" ba ya tashi.

Idan ma'aikaci ne kai, karanta takardar ɗaukar aikinka tukuna. Wasu kamfanoni na rubuta cewa duk abin da ka ƙirƙira da kwamfutarsu, ko a lokacin aikinsu, ko a fannin da suke sana'a, nasu ne. Kada ka rubuta ko layi ɗaya na aikinka a kwamfutar ofis.

1. Rubuta matsalar a jimla ɗaya

Jimlar ta ƙunshi abu uku: waye, me ke damunsa, yaya yake fama da shi yanzu. Misali: "Malamai masu koyar da darasi na kashin kansu suna ɓata lokaci kowane ƙarshen wata wajen bin ɗalibai kuɗi, suna lissafi a littafi, suna tura saƙon tuni ɗaya bayan ɗaya." Da wannan misalin za mu tafi har ƙarshe.

Idan jimlarka ta fara da "manhajar da za ta", ka rubuta magani ne tun ba ka san ciwon ba. Idan kuma "waye" ɗinka shi ne "kowa da kowa", matse shi har sai ka iya lissafa mutum 20 da sunayensu ko ka san inda suke taruwa. Daga nan ka ba bincike awa biyu: Google, Play Store, App Store, da Google Trends don ganin ko neman abin yana ƙaruwa ko raguwa. Samun masu yin irinsa ba abin tsoro ba ne, alama ce akwai kasuwa. Karanta ƙorafin da aka rubuta musu, musamman na masu ba da tauraro biyu da uku, domin su ne suka yi amfani da abin da gaske har suka ga inda ya gaza.

2. Yi hira da mutum 10 zuwa 15

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowane ceton kuɗi. Ba ka bukatar komai sai waya da takardar Sheets mai layuka: suna, ranar hira, abin da yake amfani da shi yanzu, abin da matsalar ke ci masa, ko ya yarda a sake tuntuɓarsa.

Minti 20 ya isa kowace hira. Kada ka fara da bayanin tunaninka, kada kuma ka tambaya "za ka saya idan na yi?" Mutane na jin nauyin karya maka gwiwa, za su ce e, sannan ba za su saya ba. Tambayi abin da ya riga ya faru:

- Yaushe ne karo na ƙarshe da abin ya same ka?
- Me ka yi a lokacin? Nuna mini.
- Nawa ya ci maka, kuɗi ko lokaci?
- Ka taɓa neman mafita? Me ya sa ka bar ta?

"Nuna mini" ita ce tambayar da ta fi fitar da gaskiya. Malamin zai buɗe littafinsa ka ga sunaye da alamar biro ja a gaban waɗanda ba su biya ba, ka ga wani an rubuta masa "rabi", wani "mahaifinsa zai turo". Nan take ka gane cewa mai biyan ba ɗalibin ba ne, kuma biyan rabi-rabi ya zama ruwan dare. Da ka zauna kai kaɗai kana tsara manhaja, da wuya waɗannan biyun su faɗo maka.

Kada ka ƙirga 'yan uwa da abokai cikin goman, sai idan su ma suna cikin matsalar. Idan ba ka san kowa ba, shiga rukunonin Facebook, WhatsApp, Telegram, Reddit ko LinkedIn inda masu sana'ar suke, ka nemi minti 15 cikin ladabi, kana bayyana cewa ba talla ka zo yi ba. Google Forms na iya taimakawa wajen tara masu son hirar, amma ba ya maye gurbinta, domin fom ba ya cewa "me ya sa?".

Idan cikin goma babu ko uku da suka taɓa kashe kuɗi ko ƙoƙari a kan matsalar, koma mataki na ɗaya. Mako biyu kaɗai ka yi asara.

3. Kafa shafi guda ka gwada ko za a biya

Yanzu ne lokacin shafin intanet, kuma shafi ɗaya tak. Dandalin gina shafi na Carrd ya fi sauƙi. Mai ɗan sanin HTML, yaren rubuta shafin intanet, zai iya ɗora nasa kyauta a GitHub Pages ko Netlify. Abin da zai kasance a kai: kanu mai faɗin amfanin da kalmomin da ka ji a hirarraki, layi uku na yadda abin ke aiki, hoto ɗaya na yadda fuskar manhajar za ta kasance (ka zana a Figma ko Canva), farashi, da maɓalli guda. Idan tsarin kyauta bai ba ka fom ba, sa maɓallin ya kai mutum Google Forms.

Ka saka farashin tun yanzu. Haka Joel Gascoigne ya gwada Buffer, manhajar tsara lokacin fitar saƙonni a kafofin sada zumunta, a 2010 kafin ya gina ta: shafin bayani, sai shafin tsare-tsaren farashi, sai wurin barin imel. Wanda ya ga farashi kuma ya ci gaba ya fi ƙarfin shaida a kan wanda ya bar imel don abu na kyauta. Faɗi gaskiya a shafin cewa abin bai fito ba tukuna, kuma idan ka karɓi kuɗin wani tun kafin fitowa, rubuta ranar da za ka mayar idan ba ka cika ba.

Game da sunan shafi, ana saye a wurin masu rajista irin su Namecheap ko Cloudflare. Kula da abu uku. Duba kuɗin sabuntawa, domin wasu sunayen suna da araha a shekarar farko sannan su ninka. Kunna sabuntawa ta atomatik, don sunan da ya faɗi wani na iya ɗauka. Sannan rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka, ko da wani ka ɗauka ya yi maka shafin. Wanda ke riƙe da asusun shi ke riƙe da sunan.

Haɗa sunan da shafin ana yin sa a saitin DNS, tsarin da ke nuna inda kowane suna zai kai mutum. Layin A yana nuna adireshin IP, wato lambar saba (kwamfutar da shafin ke zaune a kanta), layin CNAME kuma yana nuna wani suna. Dandalin da ka ɗora shafin zai ba ka ainihin abin da za ka kwafa. Sauyin kan kama cikin mintuna, wani lokaci ya kai awa 48, don haka kada ka yi ta canza saitin saboda bai fito nan take ba. Tabbatar adireshin yana farawa da https, alamar haɗi mai tsaro. Netlify da GitHub Pages suna ba da wannan kyauta ta hanyar Let's Encrypt. Idan kuɗin suna bai samu ba, adireshin kyauta na dandalin ya isa gwaji.

Kafin ka tura shafin ga kowa, rubuta ma'auninka. Misali: mutum 100 masu matsalar su gani, aƙalla biyar su nemi saye. Wanda bai rubuta ba tun farko, duk sakamakon da ya fito zai ce nasara ce.

4. Yi aikin da hannunka ga kwastomomi biyar na farko

A 1999 Nick Swinmurn ya fara Zappos, shagon takalma na intanet, ba tare da rumbun kaya ba. Yana ɗaukar hoton takalma a shaguna, ya ɗora a shafi, idan an saya ya je ya sayo ya aika. Kai ma haka za ka yi. Malami ya ba ka jerin ɗalibansa, ka zuba a Sheets, ranar 28 ga wata ka tura saƙon tuni da kanka ta WhatsApp Business, ka rubuta wanda ya biya, ka aika wa malamin rahoto. Yi haka wata ɗaya ko biyu, kuma ka karɓi kuɗi.

Duk abin da ka maimaita sau goma, shi manhajar za ta fara yi. Abin da ba wanda ya nema, cire shi daga jerinka. Idan aikin ya fara yi maka yawa, Zapier ko Make za su haɗa maka fom da Sheets da imel ba tare da rubuta kod ba.

5. Gina ƙaramar siga cikin mako huɗu zuwa shida

Rubuta abubuwa uku da dole sai da su, sauran ka tura wani jeri a Trello ko Notion mai suna "daga baya". Sa ranar gamawa. Idan ranar ta matso ba ka gama ba, rage aikin, kada ka ɗage ranar.

Wanda bai iya kod ba yana da Glide, mai mayar da takardar Sheets manhaja, da Airtable don adana bayanai, da Bubble idan abin yana da rassa da yawa, da WordPress idan rubutu ne ko shago. Raunin wannan hanya biyu ne: kuɗin wata na hawa yayin da masu amfani ke ƙaruwa, kuma ƙaura daga dandalin na nufin sake gini. Tun ranar farko ka gwada fitar da bayananka a fayil ɗin CSV. Dandalin da ba ya barin haka, bar shi.

Wanda ya iya kod ya yi amfani da yaren da ya fi sani. Koyon sabon yare da gina kamfani a lokaci ɗaya na ninka wahala. Kod ɗin ya zauna a GitHub, fuskar shafin a Vercel ko Netlify, rumbun bayanai da shigar masu amfani a Supabase ko Firebase. Kada ka rubuta tsarin kalmar sirri da kanka, yi amfani da nasu.

A nan ne kurakurai masu tsada suke:

- Makullan sirri a cikin kod. Makullin Stripe (dandalin karɓar kuɗi) ko na rumbun bayanai ya zauna a fayil ɗin .env, kuma sunan fayil ɗin ya shiga .gitignore, jerin fayilolin da ba a turawa GitHub, kafin turawar farko. Akwai na'urori masu sintiri a GitHub dare da rana suna neman irin waɗannan makullai. Idan ɗaya ya fita, goge shi bai isa ba domin yana nan a tarihin kod ɗin. Soke shi ka ƙirƙiri sabo.
- Rumbu a buɗe. A Supabase kunna RLS, saitin da ke taƙaita wanda zai ga kowane layi, a kowane tebur, a Firebase rubuta dokokin tsaro. In ba haka ba, wani mai amfani na iya karanta bayanan wani. Gwada da asusu biyu: shiga da na biyu ka yi ƙoƙarin ganin kayan na farko.
- Kuɗin saba ba iyaka. Tsarin biya gwargwadon amfani, kamar Blaze na Firebase, na iya tara maka bashi cikin dare ɗaya idan kod ya shiga zagaye marar ƙarewa. Saita gargaɗin kasafi, amma ka sani a Google Cloud, inda Firebase ke zaune, gargaɗin sanarwa ce kawai, ba ya tsayar da cajin.
- Barcin tsarin kyauta. Supabase na dakatar da aikin kyauta da ya yi mako guda ba motsi. Duba shi kafin ka nuna wa kwastoma.
- Rashin kwafin ajiya. Fitar da bayanai kowane mako zuwa wani wuri daban, kuma sau ɗaya ka gwada dawo da su.

Mataimaka irin su ChatGPT, Claude da GitHub Copilot na hanzarta rubutu sosai. Kada ka liƙa musu makullai ko bayanan kwastomomi, kuma duk kod ɗin da ya shafi kuɗi ko shiga asusu karanta shi layi-layi kafin ka ɗora.

Shawarata ita ce ka fara da shafin da ke aiki da kyau a waya, ka jinkirta shiga shagunan manhajoji. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, dukkansu suna yankar kaso daga cinikin kayan dijital, kuma sai sun duba manhajar kafin ta fito. Sabon asusun mutum ɗaya a Google Play ma sai ya yi gwajin sirri na kwana 14 da wasu masu gwaji kafin a bar shi ya saki.

6. Shirya karɓar kuɗi

Stripe ya fi shahara, amma ba kowace ƙasa yake karɓar 'yan kasuwa ba, don haka duba jerin ƙasashensa kafin ka gina komai a kansa. Inda babu shi akwai wasu: Paystack, wanda Stripe ya saya a 2020, da Flutterwave a wasu ƙasashen Afirka, Razorpay a Indiya. Mai sayar wa ƙasashe da yawa ya duba Paddle ko Lemon Squeezy. Su ne ke tsayawa a matsayin mai sayarwa a hukumance, su karɓi harajin kowace ƙasa su biya, amma kasonsu ya fi yawa. Mai sayar da fayil ko darasi kawai, Gumroad ya ishe shi.

Lissafa kason mai karɓar kuɗin kafin ka yanke farashi. A Amurka Stripe na ɗaukar kashi 2.9 cikin ɗari da santi 30 a kowane ciniki na kati. A cinikin dala 50 wannan bai kai dala biyu ba, amma a na dala ɗaya ya kusa cinye sulusi. Shi ya sa ƙaramin farashi ya fi dacewa da biyan shekara ko na wata uku a dunƙule.

Fara da mahaɗin biya da dandalin ke ƙirƙira maka, ba sai ka rubuta kod ba. Gwada a yanayin gwaji (katin gwajin Stripe shi ne 4242 sau huɗu), sannan ka yi ciniki ɗaya na gaske da katinka ka mayar wa kanka kuɗin. Idan ka haɗa biyan da manhajarka, kada ka buɗe wa mutum asusu don kawai ya iso shafin "mun gode". Wani zai rufe shafin kafin ya iso, wani zai rubuta adireshin da hannu bai biya ba. Jira sanarwar da sabar dandalin ke turo wa taka, ka tabbatar da sa hannunta, sannan ka buɗe.

7. Imel da aunawa

Saƙonnin da manhaja ke aikawa su bi ta dandalin da aka gina don haka, kamar Brevo ko Mailchimp. A DNS ɗinka ƙara layukan SPF, DKIM da DMARC da za su ba ka, masu tabbatar da cewa saƙon daga gare ka yake. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan, kuma saƙon da ba shi da su yakan faɗa kwandon shara ko a mayar da shi. Kada ka sayi jerin imel, kada ka tura wa wanda bai yarda ba.

Don ƙirga masu ziyara, Google Analytics ko Plausible. UptimeRobot zai riƙa leƙa shafinka duk minti biyar ya sanar da kai idan ya faɗi, Sentry kuma ya nuna maka kuskuren da ya faru a wayar kwastoma. Lambobi uku za ka rubuta kowace Juma'a: nawa suka yi rajista, nawa suka dawo mako na biyu, nawa suka biya. Ta biyun ce ke faɗa maka ko abin yana da amfani.

8. Fito da shi

Fara da mutanen hirarrakinka, kowa da saƙonsa, kana tuna masa abin da ya faɗa maka. Sai masu jira daga shafinka, sai rukunonin da ka shiga, bisa ƙa'idarsu ta talla. Product Hunt da Hacker News, shafukan da ake nuna sababbin manhajoji, suna da amfani idan kwastomominka masu fasaha ne. Idan malaman darasi ne, ba a can suke ba, kuma cunkoson kwana ɗaya daga can ba zai zama ciniki ba.

Zauna da kowane sabon kwastoma a kiran bidiyo ka ga yadda yake amfani da abin, ka yi shiru kada ka nuna masa inda zai danna. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan ne gyaranka na gobe. A 2009 masu Airbnb, dandalin hayar masauki, da kansu suka je New York suna ɗaukar hotunan gidajen masu ba da haya. Tallan kuɗi ya jira har sai ka ga mutane suna dawowa da kansu.

9. Takardu da abokin tafiya

Da kuɗi ya fara shigowa, raba asusun aikin da naka, ka yi rajista bisa dokar ƙasarka. Shafin ya samu bayanin sirri da sharuɗɗan amfani, masu faɗin ainihin bayanan da kake tarawa. Mai kwastomomi a Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR ta 2018 ta hau kansa ko a ina yake zaune.

Idan ku biyu ne, rubuta rabon tun kuna shiri. Tsarin da aka saba shi ne hannun jari ya nuna cikin shekara huɗu: wanda ya tafi kafin shekara guda ba shi da komai, a cikar shekarar ya mallaki kwata na rabonsa, sauran kuma wata-wata. Wanda ka biya ya rubuta maka kod ko ya yi zane, ya sa hannu cewa aikin mallakar kamfanin ne.

Don ƙarin ilimi, Startup School na Y Combinator, kamfanin da ke tallafa wa sababbin kamfanoni, kyauta ne, freeCodeCamp da MDN na koyar da kod kyauta, ɗalibai kuma na iya neman GitHub Student Developer Pack. AWS Activate da takwarorinsa na Google da Microsoft suna ba sababbin kamfanoni kuɗin amfani da saba, amma yana da wa'adi, don haka rubuta ranar ƙarewarsa a kalanda ka lissafa abin da za ka riƙa biya bayan ta.

10. Yanke hukunci bayan mako takwas da fitowa

Buɗe takardar lambobinka ka kwatanta da ma'aunin da ka rubuta. Idan ana dawowa ana biya, ci gaba, ka ɗauko abu ɗaya daga jerin "daga baya", wanda kwastomomi masu biya suka fi nema. Idan ana rajista ba a dawowa, kira biyar daga waɗanda suka tafi ka tambaye su me suka koma amfani da shi. Idan ana dawowa ba a biya, gwada wani farashin ko ka duba ko wani ne ya kamata ya biya, kamar makaranta maimakon malami.

Idan kuma babu ko ɗaya, rufe shi da tsari. Sanar da masu amfani wata guda kafin ranar, ba su hanyar sauke bayanansu, mayar da kuɗin wanda ya biya gaba, soke duk biyan wata-wata da ke kan katinka, goge bayanan mutane daga rumbun, sannan ka riƙe sunan shafin da kod ɗin na shekara guda ko za ka bukace su a aiki na gaba.